Cigiyar da Ba Ta da Suna

Ku 'ya'yana kun sha yi mini tsiya a kan takarda. In zan aika saƙo, ko na gaisuwa ne, sai na karanta shi da ƙarfi, in kira wani daga waje in karanta masa, in ce ya maimaita mini abin da ya ji. Autarku ta ce wai na fi alƙali bin diddigi. Babbanku kuwa, wanda kun ga tun farkon littafin nan ban rubuta sunansa ba, kuma ba zan rubuta ba, ya taɓa gaya wa abokansa wai iska ta shafe ni a shekarar fari, don an gan ni da tsakar rana ina karanta takarda ga wasu mutanen da ba wanda ya san su a gari. Na ji da kunnena, na yi shiru. To, yau zan tanka. Mutanen nan 'yan Adam ne kamarku, da ƙafafunsu suka zo Gure, kuma ga abin da ya kawo su.

Shekara ta biyu ce ta babban fari, cikin bazara. A da ina koya wa manya karatu, to wa zai zo aji da ciki wayam? Sai aka rufe ajin, aka mai da ni buro, wato ofishin da ake rabon dawa. Mutane suka yi ta kwararowa daga wajen Alakos da arewacin Kelle, suka kafa tabarmi a kan sanduna a bayan gari. Abin da ya fi tsaya mini a rai daga shekarar nan shirun da garin ya yi ne. Gure da ranar kasuwa ba ka jin maganar na kusa da kai saboda kukan shanu, sai ga shi ka wuni ba ka ji ko na tunkiya ba. Ungulai sun ƙoshi da mushe har sun daina tashi, ka zo wucewa su bi ka da kallo. Aikina a buron shi ne cigiya. Gidaje sun watse, samari sun kora ragowar shanu kudu, tsofaffi da mata sun biyo labarin dawa sun faɗo mana. Sai mutum ya zo ya faɗi wanda yake nema, in rubuta da boko da ajami, kamiyo, babbar motar da ke kai hatsi Kelle da Gamu, ya tafi da takardun. A can wani malami ya karanta wa mai shela, mai shela ya kwarmata ranar kasuwa, matafiya su ɗauka da baki su ƙara gaba.

Wata rana da rana ta take, lokacin da ko jaki ba ya yarda ya bar inuwa, na ɗaga kai na ga tsohuwa zaune a ƙasa gaban teburina. Wallahi ban ji shigowarta ba. Bafillatana ce, ƙashi da fata, ta rungume wata ƙwarya da ba komai a ciki.

"Inna, sannu da rana. Wa ake cigiya?"

"Wani ne."

"To wanin ba shi da suna?"

Ta kalli bango.

"Maigidanki ne?"

"Wancan ya riga mu gidan gaskiya."

"Ɗanki ne?"

Sai ta ja mayafi ta rufe bakinta, ta sunkuyar da kai. Nan na gane inda na faɗa. Ɗan fari ne. Ko a cikinmu uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, uwarku Zara har ta koma ga Allah ba ta kira na babbanku ba, balle Fulanin daji, waɗanda ko kallon ɗan fari ba sa yi a gaban mutane. Na ce ta ba ni sunan uban, ta dube ni kamar na zage ta, don mace ba ta faɗin sunan mijinta. Na zaga bayan gari ina tambaya ko akwai danginta da zai faɗa a madadinta, kowa ya ce a hanya ta haɗu da su, ita kaɗai. Sunanta kawai na samu, Dija, kuma kowace ruga ka shiga sai ka tarar da Dija. Kamiyo na shirin tashi, na rubuta abin da ke hannuna kamar yadda nake yi wa kowa: wata tsohuwa mai suna Dija daga arewa tana Gure tana neman wani saurayi, dogo, fari, siriri, wanda ya kora shanu kudu bara bai dawo ba.

Ba a jima ba suka fara zuwa. Na farko na tarar da shi tsaye a ƙofar buro da sanda a kafaɗa, dogo, fari, siriri. Na kai shi wurin tsohuwa ina murna. Ta ɗaga kai ta dube shi tun daga rawani har tafin ƙafa, shi ma ya dube ta, ya juya ya fita. Kafin kasuwa ta zagayo wasu sun iso, bayansu wasu. Yo wane saurayin Fillo ne ba dogo ba, ba siriri ba a shekarar nan? Wa bai kora shanu kudu ba? Wanda sunan uwarsa Dija ya zo, wanda ba Dija ba ma ya zo, ya ce ƙila mai shela ne ya ɓata sunan a hanya. Da yake da asuba suke tasowa daga inda suka kwana, kullum sai rana ta take suke shigowa gari, lokacin da kowa ya shige ɗaki. Ka leƙo waje ka ga mutum can cikin ƙyallin rana yana tahowa a hankali, ba dabba a gabansa, ba kaya a kansa, hannuwansa rataye a kan sanda. Kuma wanda tsohuwa ta kalla ba shi ba ne, ba ya komawa. Ina zai koma? Sai ya je gindin wata aduwa da ke fuskantar gidanmu ya zauna da 'yan'uwansa, ba sa hira, ba sa roƙo, suna kallon ƙofarmu.

Gidanmu suke kallo saboda uwarku ta ɗauko tsohuwar daga bayan gari ta shimfiɗa mata tabarma a rumfarmu, ba ta ma shawarce ni ba. Kakarku Iya Falmata kuwa, uwata, hankalinta ya tashi ƙwarai. Ta hana a tura yara aike in rana ta yi, ta yi ta turara gida, in ta leƙa ta katanga ta gan su sai ta tofa addu'a a ƙirjinta.

"Kai ka tabbata mutane ne?" ta ce da ni. "Duk fuskarsu ɗaya. Jiya na ƙirga su, na juya na sake dubawa, sun ƙaru, ban ga ta inda na ƙarshen ya zo ba. Kai ka kira su da takardarka, sai ka san yadda za ka sallame su."

Na yi mata dariya a baki, amma ni ma in na fito da azahar na gan su jere, sai in yi musu sallama da ƙarfi don in ji sun amsa, su kuwa su amsa tare, ƙasa-ƙasa.

Zara ce ta lura da abin da ni ban lura ba. Ta ce, "Malam, daina tambayarta ko shi ne. Duk wanda ta kalla ido cikin ido, ba shi ba ne." Ita ce kuma ta fara ganin tsohuwar na ƙarewa. Kowane saurayi aka shigo da shi aka fita, sai ta rage abin da take ci. Daga tuwo ta koma kunu, daga kunu ta koma kurɓar ruwa, daga baya ko ruwan sai Zara ta yi ta lallashi. Likita ya duba ta ya ce bai ga ciwon da zai yi wa allura ba. Iya Falmata, duk da tsoronta, ta ce a fili, matar nan in ba ta ga wanda take jira ba, ba za ta kai damina ba.

Akuya guda ta rage mana, muna riƙe da ita da dusa. Ta haihu, ɗan ya mutu, ta hana nono. Wata safiya Zara na fama da ita tana tsaki, sai muka ji murya daga rumfa, muryar da muka kwana biyu ba mu ji ba.

"'Yar nan, ina fatar ɗan?"

"Mun yar, Inna."

"Ayya. Da kun ajiye." Ta ci gaba. "Mun yi wata jar saniya mai karyayyen ƙaho. Maraƙinta ya mutu, ta hana nono. Muka cusa ciyawa a fatar muka kafa mata, ta shinshina ta ƙi, don ba ya motsi. Sai na lulluɓa wa wani ƙaramin yaro fatar, ya durƙusa a gabanta. Ta yi ta lasarsa ina tatsa. Damina guda muna haka. Har ya yi gemu in ya wuce sai ta bi shi tana kuka."

"Wane yaro ne, Inna?" in ji Zara.

"Wani ne."

Ina bakin randa zan yi alwala, na ajiye butar. Na shiga ɗaki na cika takarda gaba da baya. Na sa sunan Dija, na sa dogo da fari, na sa rijiyoyin da suka bi, na sa labarin saniya daga farko har ƙarshe, na rufe da cewa uwarsa ba ta da lafiya. Na ji daɗin abin da na rubuta, ba zan ɓoye muku ba. A ranar nan kamiyo zai tashi, kuma an ce daga shi sai in an sami man mota, ba a san yaushe ba. Kafin in miƙa, sai na hangi Mele, mai shelar Gure, wani gajere mai muryar da ake ji daga kasuwa har bayan gari, ya zo karɓar dawarsa. Na ce ya saurara, na karanta masa, na ce to ya faɗa yadda zai faɗa a kasuwa. Ya gyara murya ya sa hannu a kunne.

"Jama'a ku saurara! Tsohuwa Dija tana Gure ba lafiya, tana neman ɗanta, dogo, fari, mai jar saniya!"

"Mele, ina fatar maraƙin?"

"Wace fata? Haba Malam, wannan ai tatsuniya ka rubuta. Kaina ba buhu ba ne. Abin da ka sa a gaba shi na riƙe."

Mele da na karanta wa baki da baki ke nan, ina ga mai shelar Gamu, ina ga matafiyin da zai ji a bakin wani matafiyi? Wa ba shi da jar saniya? Takardar nan in ta fita, wasu samarin za ta sake kwasowa, kuma kowanne sai an shigar da shi rumfa. Shugaban buronmu, Malam Shatima, ya leƙo ya ce in kawo takarda, direba ya tayar da mota. Na ce ba ta gama ba. Ya ce in gyara a tsaye mana. Na gwada, ban san me zan cire ba, kuma akwai kalmomin da ban da ikon sa su ko cire su sai na tambayi mai maganar. Na ninke ta na sa a aljihu. Ina tsaye kamiyo ya fita gari.

Uwarku ba mai faɗa ba ce, amma ranar ta yi.

"Ka bar mota ta tafi? Saboda kwalliyar magana? Matar nan numfashi kawai ya rage mata, Malam! In ta mutu kafin wata motar, da takardarka za mu yi mata likkafani?"

A kwanakin da suka biyo baya, kowace safiya sai na tsaya bakin rumfa na ga mayafin yana motsi kafin in iya fita.

Na zauna da takardar. Na tambayi kaina, wai da wa nake magana? Ba da kasuwa ba, da mutum ɗaya ne tak, wanda ban san sunansa ba, kuma so nake shi ya tashi, saura su zauna. To duk abin da ya dace da wani ban da shi, ba shi da wuri. Na soke dogo, na soke fari. Na soke rijiyoyin, don kowa ya bi su. Sunan Dija ya fi ba ni wahala, na soke na mayar, na sake sokewa, don shi ya fi janyo mutane. Fatar maraƙi da take can ƙasa na ɗauko ta na sa a baki, inda mai shela zai fara cin karo da ita. Sannan na je na durƙusa gefen tabarmar tsohuwa na karanta mata a hankali. Idonta a rufe, na ɗauka ma ba ta ji. Da na kai inda na ce uwarsa, sai ta ɗaga yatsa.

"Goge."

"Inna, in ban ce uwarsa ba, me zan ce?"

"Wadda take tatsa."

Na goge. Na kai inda na ce ba ta da lafiya, yatsan ya sake tashi.

"Ba bara na zo yi ba. Goge."

"Wannan kam ba zan goge ba, Inna. In bai san da gaggawa ba, zai ce bari ya ga ruwan farko tukuna."

Ta buɗe ido ta harare ni, tsohuwar da ba ta iya ɗaga ƙwarya. Muka yi ta ja, ina kawo kalma tana turewa, har Zara da ke fushi da ni ta sa baki daga madafa, ta ce a ce kada ya jira kowa. Tsohuwa ta rufe ido, ba ta ɗaga yatsa ba. Ga abin da ya rage, har yanzu yana kaina: "Wanda aka lulluɓe da fatar maraƙi yana yaro, jar saniya mai karyayyen ƙaho tana lasarsa, wadda take tatsa tana Gure, gidan malamin cigiya. Kada ya jira kowa." Na karanta wa Mele, ya mayar mini ba abin da ya ɓace. Na ce ya je ya dawo gobe, ya dawo ya sake faɗa daidai, har yana cewa wannan ko a barci aka tashe shi zai kawo ta.

Saura gwaji ɗaya, kuma shi ne abin da babbanku ya gani ta kafar ƙofa. Da rana ta take na fita na tsaya gaban mutanen gindin aduwa. Na yi sallama, na ce zan karanta musu magana, duk wanda ya ji tasa ce ya miƙe. Na karanta. Ba iska, ba tsuntsu. Idanuwan nan duka suna kaina. Na sake karantawa. Ba wanda ya motsa. Can wani daga gefe ya ce, "Ba ni ba ne," ya ɗauki sandarsa. Na kusa da shi ya ce, "Ba ni ba ne." Haka maganar ta bi layi, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗa ya tashi ya shiga cikin rana, wani gabas, wani kudu, har suka ɓace mini. Guda ya rage, ya matso ya ce, "Malam, tawa uwar tana da tabon wuta a hannu. Ka yi mini irin wannan." Na zauna nan ƙasa na yi masa.

Da aka sami mai, takarda ta fita. Ta farkon kuwa ba ta mutu ba, don ba ni da hanyar kiranta ta dawo. Ta ci gaba da yawo a bakin mutane daga kasuwa zuwa kasuwa. Har bayan an yi ruwa, har ƙasa ta warke, har autarku ta fara tafiya, nakan fito da tsakar rana in ga dogon mutum tsaye gindin aduwar nan da sanda a kafaɗa, ya ce ya ji ana neman wani saurayi a Gure. Na ƙarshen da na gani furfura ta fara fito masa.

Shi kuwa wanda ake nema, gajimare ya fara taruwa a gabas lokacin da ya iso. Tsohuwa ta kai inda ko ruwa Zara da tsumma take ɗiga mata a baki, Iya Falmata ta riga ta ciro farin ƙyalle daga akwatinta ta ajiye. Muka ji sallama a ƙofa da azahar. Na fita na ga mutum, kuma ku ji, ba dogo ba ne can, rana ta ƙona shi ya yi baƙi, ƙafafunsa sun tsage suna jini. Da takardar farko ce ta same shi, da bai taso ba. Ya ce a wata kasuwa can kusa da iyaka ya ji, a bakin wani mai tallar kanwa. Bai ambaci saniya ba, bai ambaci fata ba, kansa a ƙasa, kunya ta rufe shi. Na shigo da shi. Ya tsaya nesa da rumfa, ya tsuguna, ya ba ta gefe, ya yi gyaran murya kaɗan.

Ni da Zara muka zuba wa tsohuwa ido. Ba ta kalle shi ba. Matar da sai an juya ta, ta dafa ƙasa da gwiwar hannu ta juya da kanta, ta fuskanci zana, ta ja mayafi ta rufe kanta ruf. Zara ta toshe bakinta da hannu, hawaye na zuba. Can daga cikin mayafin muka ji muryar.

"'Yar nan, an ba baƙo ruwa?"

"Yanzu za a ba shi, Inna."

"In ya sha, ki kawo mini ragowar."